Ɓatan Makirfo a Gidan Mai Fiyano

Najiba ta dawo daga gidan mai da galan ɗin fetur a hannu, ta tura ƙofar ɗakin fiyano, sai ta tsaya cak. Sandunan ƙarfe biyu suna tsaye inda ta bar su, sun sunkuya kan buɗaɗɗen saman fiyanon. Kawunansu ne babu. Makirfo biyun da ta aro daga wurin aikinta a Kaduna sun yi ɓatan dabo.

Ta duba ƙarƙashin kujera, ta leƙa cikin fiyanon, ta zazzage jakarta har sau biyu. Daga nan ta fita ba ko takalmi, ta tare Keke Napep zuwa ofishin 'yan sanda.

Sufeto Aƙilu aka haɗa ta da shi. Mutum ne da ya tsufa yana bin ɓarayin shanu da na taki tsakanin Funtua da Malumfashi. Ka nuna masa sawun a-kori-kura a bakin gona, ya faɗa maka buhu nawa ta ɗauka. Amma fiyano, a talabijin kaɗai ya taɓa ganinsa. Da ya shiga ɗakin bayan an sauko Juma'a, sai ya riƙe ƙugu yana kallon ikon Allah. Barguna a rataye jikin bango, katifa a jingine da taga, buhunan auduga a kowace kusurwa.

"Auduga kuke sayarwa?"

"A'a, Yallaɓai. Don kada sauti ya riƙa dukan bango yana dawowa."

"To. Me aka sata?"

"Makirfo biyu."

"Irin na masallaci?"

"Ko kusa. Waɗannan kunnensu ya fi na mutum. Ɗaya yana wajen manyan muryoyin fiyanon, ɗaya wajen ƙananan. Ko numfashi ka yi sai sun ɗauka."

Aƙilu ya dubi teburin da ke gefe. Kwamfuta sabuwa fil tana kai a rufe, kusa da ita wani ɗan akwati ja mai maɓallai.

"Wannan fa ta waye?"

"Tawa ce."

"Ɓarawon ya gan ta?"

"Ai ba ta ɓuya."

Ya sosa ƙeya. Ɓarawon da zai tsallake kwamfuta ya ɗauki ƙarafa biyu da ba su fi rake gaɓa ɗaya ba, bai taɓa gamuwa da irinsa ba. Ya sunkuya ya duba ƙasa ko zai ga sawu. Babu sawu, domin an share ɗakin tas, har ana ganin layin tsintsiya. An rufe murfin maɓallan fiyanon, an goge shi. Wayoyin makirfon kuwa an naɗe su tsaf, an ɗaure tsakiyarsu, an rataye a ƙusa.

"Ke kika share?"

"A warwatse na bar komai."

"Ikon Allah. Ɓarawo mai shara."

Maigidan yana zaune a bakin ƙofa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, suna rawa su kaɗai. Malam Sanda ke nan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Tun yana saurayi ya koyi kaɗa fiyano a kulob ɗin ma'aikata, da aka yi gwanjon kayan kulob ɗin ya saye shi, aka kawo masa a amalanke mutane suna binsa da dariya. Waƙoƙin noma da na daka da ya ji a bakin kakarsa a Dayi su yake juyawa su zama kiɗa. Ko ɗaya bai rubuta ba, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya koya.

Najiba ta rage murya, ko da yake ba sai ta rage ba, kunnen tsohon ya yi nauyi. "Likita ya ce rawar hannun nan gaba za ta yi, ba baya ba. Da ƙyar aka ara mini makirfon, ranar Litinin zan mayar. Idan ban ɗauki kiɗan Baba yanzu ba, Yallaɓai, shi ke nan ya tafi."

"Wa ke gida lokacin?"

"Baba ya tafi masallaci, ni na je sayen mai. Inna Mairo, matar Baba, tana cikin gida, ta ce ba ta ji motsin kowa ba. Ɗakin nan kuma yana manne da zaure, ƙofar ba ta kulluwa."

"Wa ya san da su?"

"Kamalu, mai kayan sautin biki, shi ya taya ni kafawa. Sai Ɗanjuma mai kula da gonar Baba, ya kawo masara da safe, ya leƙo." Ta cije leɓe. "Kamalu ne. Tun ranar da ya gan su yake juya su yana sambatu."

Aƙilu ya aika aka zo da Kamalu daga shagonsa na bakin tasha. Ya shigo yana huci, hula a karkace.

"Ka san makirfon?"

"Na san su."

"Sun burge ka?"

"Wallahi sun burge ni. Burgewa laifi ce?"

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Ina ɗaura lasifika a gidan biki a Tudun Wada. Mutum ya fi hamsin sun gan ni a kan tsani."

"Da ka samu irinsu, ai ka huta."

Kamalu ya yi dariyar takaici. "Yallaɓai, in kai su gidan biki? Da ƙarar janareto da guɗar mata? Ai kuwwa za su yi ta yi har kunnen amarya ya toshe. Kuma ba sa motsi sai an ba su wuta daga wancan jan akwatin. Wanda ya san su ba zai ɗauke su ya bar akwatin ba. Kamar ka saci babur ne ka bar tayoyin." Sai idonsa ya kai kan ƙusa, ya dafe kai. "Innalillahi! Wa ya yi wa wayoyin nan wannan naɗin?"

"Me ya same su?"

"A gwiwar hannu aka naɗe su! Haka ake karya waya ta ciki. Mu da yatsu muke bi, zagaye ɗaya gaba, ɗaya baya. Ko yaron da ya kwana biyu a shagona ba zai yi haka ba."

Aƙilu ya ciro waya ɗaya ya warware, ya miƙa masa. Kamalu ya naɗe ta yana magana, ko kallon hannunsa bai yi ba. Naɗin ya fito daban. Aƙilu ya ce ya jira a zaure.

Aka kira Ɗanjuma, bai ma bari an gama tambaya ba.

"Ranka ya daɗe, ni na kai Malam masallaci a babur, sahu ɗaya muka yi, ni na dawo da shi. A tambaye shi."

Aka ɗaga murya aka tambayi Malam Sanda, ya gyaɗa kai.

"Amma ka leƙa ɗakin da safe."

"Na leƙa. Na ga an cusa auduga a lungu, na ce ko gidan ya fara yoyo ne."

"Ka ga makirfon?"

"Waɗannan siraran? Ni wallahi tocila na zata."

Aƙilu ya jefa masa wayar ya ce ya naɗe. Ɗanjuma ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa, ya ƙulle ta kamar igiyar ɗaure buhu a bayan mota. Kamalu da ke leƙe daga zaure ya yi salati da ƙarfi. Shi ma dai ba irin naɗin ƙusa ba ne.

Nan fa kan Aƙilu ya ɗaure sosai. Wanda ya san kayan bai ɗauka ba, wanda bai san su ba bai ɗauka ba. Ɓarawon titi kuwa da kwamfutar zai fara, kuma ba zai tsaya neman tsintsiya ba. Ya zauna a kan buhun auduga, ya nutse a ciki har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, ya tashi da ƙyar yana tsaki.

"Kin riga kin ɗauki wani abu kafin a sace su?"

"Sau biyu. Na Laraba gwaji ne, ya lalace. Na jiya shi ne na gaske."

"Sa mini in ji."

Ba don yana tsammanin komai ya faɗa ba. Dabara ce ta ƙare masa. Najiba ta ɗora masa wani abin sauraro mai rufe kunnuwa biyu, ta danna na Laraba.

Aƙilu ya zabura ya waiga, don ya rantse fiyanon a bayansa ake kaɗawa. Kiɗa ne mai tafiya da kai, ya san waƙar ma, matan ƙauyensu suna yin irinta a bakin turmi. Hannun tsohon yakan ɗan zame nan da can, amma ya kama hanya ya ci gaba. A ƙarƙashin kiɗan kuma ana jin wani abu, dum, dum, dum.

"Ganga ce?"

"Dakan Inna ne. Turminta yana bayan tagar nan. Shi ya ɓata mini aikin. Jiya sai na roƙe ta ta bari, na sa katifa a tagar, har akuya sai da na kai maƙwabta."

Ta danna na Alhamis. Shiru tsit, sautin ya fito garau kamar ruwan randa. Amma kiɗan, wayyo. Tsohon ya fara, ya yi sauri, ya ja baya, ya tsaya, ya sake farawa. Ana jin farcensa yana karkarwa a kan maɓalli. Ana jin numfashinsa yana hawa. Wajen ƙarshe ya yi wani ɗan nishi wanda Aƙilu ya so a ce bai ji ba. Tausayi ya kama shi, ya cire abin daga kunnensa.

"Malam ya ji wannan?"

"Tukuna. Na yi masa alkawari yau bayan la'asar, ya gayyato abokansa na jirgin ƙasa. Da wannan abin a kunne zai ji komai, ko da nauyin kunnensa." Ta kawar da kai. "Na so in ɗan gyaggyara kafin nan."

"Wa ya ji ban da ke?"

"Inna kaɗai. Jiya na sa mata."

"Me ta ce?"

"Ta daɗe tana kallon makirfon. Sai ta tambaye ni ko ruwa yana ɓata su. Na ce mata ko laima ba sa so, kuma na aro ne."

Aƙilu ya ce yana son ruwan alwala, a yi masa iso cikin gida.

Tsakar gidan a share yake, da irin layin tsintsiyar da ya gani a ɗaki. Ga turmi a kife bayan tagar da aka toshe, ga taɓarya a jingine. Ga rijiya. A jikin bishiyar da ke bakinta an kafa ƙusa, igiyar guga tana rataye. An naɗe ta daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, an ɗaure tsakiyarta da bakin igiyar.

Inna Mairo ta fito daga madafi da buta. Gajeriyar tsohuwa ce mai ƙarfin damtse. Suka gaisa, ya tambayi gida, ta tambayi aiki. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya karɓi butar, amma bai zuba ba.

"Inna, wa ke jan ruwa a gidan nan?"

"Ni ce."

"Wa ke naɗe igiyar?"

Ta dubi ƙusar, ta dube shi.

"Inna, ni tun ɗazu kaina a ɗaure yake, ki taimake ni. Ɓarawo ya shiga ɗaki ya bar abin da ya fi komai saurin sayuwa. Ya tarar da datti ya share. Ya ga waya a ƙasa, zuciyarsa ba ta ba shi ya tsallake ta ba, ya naɗe ta yadda hannunsa ya saba. Wannan ba ɓarawo ba ne, mai gida ne. Kuma ba makirfon yake so ba, abin da yake zaton yana cikinsu yake so. Mutum biyu ne suka ji abin da aka ɗauka jiya. Ɗaya ita ta kai ƙara."

Najiba ta biyo shi, tana tsaye a bakin ƙofar shiga. "Yallaɓai, me kake nufi? Inna ce fa!"

"Yaron nan Kamalu yana zaure," in ji Aƙilu, bai waiga ba. "Idan na fita hannu biyu, dole da shi zan tafi."

"Kada a taɓa ɗan mutane," in ji Inna Mairo.

Ta shiga ɗakinta. Ta fito rungume da tukunyar da take ajiye irin shuka, ta ɓare yumɓun da ta liƙe bakin, ta tura hannu cikin dawa har gwiwa. Ta zaro wani ƙulli na sabon zane. Makirfo biyu suna ciki, ko ƙura ba ta taɓa su ba.

"Rijiya na yi niyyar jefa su," ta ce. "Sai na tuna na aro ne. Nan kuwa ko damina ba ta shiga."

"Inna! Don Allah me ya sa?"

"Ke yarinya ce." Ta rungume ƙullin a ƙirji. "Mutumin nan duk garin nan an yi masa dariya a kan akwatin nan, bai taɓa sunkuyar da kai ba, don ya san ya iya. Yanzu kunnensa ba ya gaya masa gaskiya, yana zaton yadda yake da haka yake. Sai ki tara masa abokai ki sa masa wannan a kunne? Ya ji kansa yana lalube kamar makaho? Na ce gara a ce an sace. Ya yi baƙin cikin ɓarawo, ya fi ya yi na kansa."

Najiba ta durƙushe a wurin. "Inna, ai ba a cikinsu yake ba. Su kunne ne kawai. Kiɗan yana cikin kwamfuta."

Tsohuwar ta dubi ƙarafan da ke hannunta. "Ba a nan yake ba?"

"Ko kaɗan."

"To ai rikodar da muka sani, inda ka yi magana nan take riƙewa." Ta zauna a gindin turmin a hankali. "Ashe a banza na yi sata da tsufana."

Babu wanda ya ji shigowar Malam Sanda. Ganin tukunya da zane da fuskar matarsa ya ishe shi. Ya ce a faɗa masa da ƙarfi, Najiba ta faɗa masa tana kuka. Ya saurara har ƙarshe.

"Mairo, kunnena ne ya mutu, ba yatsuna ba. Duk inda na zame jiya na sani. Ban dai san abin da ya same ni ba, sai na ji kamar an janye mini ƙasa."

"Malam," in ji Aƙilu da ƙarfi, "ni ban san fiyano ba. Amma na ji na Laraba, na ji na jiya. Hannun ɗaya ne, rawar ɗaya ce. Abu ɗaya ne ya bambanta." Ya nuna turmin.

Tsohon ya daɗe yana kallon turmin. Sai ya buga ƙafarsa a ƙasa sau ɗaya, kamar mai gwada wani abu.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Tun da kunnen ya tafi, a tafin ƙafata nake jin sa. Shi nake bi."

"Kai kake bi na?" Inna Mairo ta ɗago. "Haba Malam. Ni ce nake bin ka. In ka fara nake ɗaukar taɓarya."

"Sai na ji taɓarya nake farawa."

"A'a wallahi."

"Ƙwarai kuwa."

Aƙilu ya dubi wannan ya dubi waccan. Ya warware satar, amma wannan ta fi ƙarfinsa, kuma bai ga alamar su ma za su warware ta ba. Ya ce wa Najiba ta biyo shi ofis ta janye ƙara, ta kuma ba Kamalu haƙuri tun kafin ya tara mata jama'ar tasha.

"Sai an jima," in ji Malam Sanda. "La'asar ta yi, a yi salla, a cire katifar nan daga taga."

"Baba, dakan zai shiga cikin kiɗan."

"Ya shiga."

Bayan salla Kamalu ya mayar da makirfon kan sandunansu yana mita a kan wayoyi. Najiba ta tsaya tana tunani, sai ta ɗan karkata ɗaya wajen taga. Abokan tsohon suka cika zaure, aka ce kowa ya kashe wayarsa. Aƙilu ma ya kashe tasa, ya samu gefen tabarma.

Daga tsakar gida Inna Mairo ta ɗaga murya. "Malam, ni fa ba ni da abin dakawa. Tun safe aka kai masarar inji."

Najiba ta maimaita masa a kunne. Tsohon ya yi murmushi, ya buɗe murfin fiyanon, ya ɗora hannuwansa masu rawa.

"Ki ce mata tun shekarar da aka kafa injin niƙa a ƙofar gidan nan, na san dusa ce take dakawa."

Najiba ta leƙa ta taga ta faɗa. Sai aka ji an birkito turmi an tsayar da shi.

Aƙilu ya kasa kunne sosai don ya gane wanda zai fara. Tare suka fara.